Babi na Ɗaya a Gonar Riɗin Kawu

Na kwana biyu da dawowa daga Sudan, amma har yau ba a bar ni na huta ba. A majalisa, a ofis, har a bakin masallaci, tambayar ba ta sauyawa: "Malam Sabo, yaya ƙasar take? Da gaske can ma akwai Hausawa?" Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, kowa ya tsinci abin da ya yi masa daɗi ya ƙara gishirinsa, har na fara jin wai gona na saya a Gadarif. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Na yi tafiyar ne tun ƙasar tana zaune lafiya, kafin wannan yaƙi da muke roƙon Allah Ya kawo ƙarshensa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Babi na ɗaya ne ya kore ni daga gida.

Ina koyar da darasin kasuwanci, ina kuma karatun digiri na uku a wata jami'a. Wanda bai shiga ba zai ɗauka babin gabatarwa shi ne mai sauƙi tunda shi ne a gaba. A cikinsa ne za ka yi shimfiɗa, ka faɗi matsalar da ta sa ka binciken, ka jero manufa da tambayoyi, ka nuna amfanin aikin da inda ya tsaya. Duk waɗannan a wuyan matsalar suke rataye, in ba ta tsaya ba, babu abin da zai tsaya. Nawa binciken a kan yadda ake tafiyar da kasuwancin riɗi na gado ne, irin wanda uba yake riƙe da shi 'ya'ya suna taya shi. Na rubuta babin, an dawo mini da shi, na sake, an sake dawo da shi, har masu shagon buga takardu suka haddace sunan fayil ɗina.

Mai duba aikina Farfesa ce mai sanyin murya da zafin jan biro. Ranar ƙarshe da na je wurinta ta ajiye tabarau ta ce, "Malam Sabo, ka kai ni Indiya, ka kai ni Sin, ka zagaya da ni Afirka kaf. Har na gama ban ga mutum ɗaya da abin ya dama ba. Matsalar nan taka wa take ci?"

Na ce, "Manoma da 'yan kasuwa, ranki ya daɗe."

"Wane manomi? Me ya rasa?"

Ta miƙo mini takardun ta ƙara da cewa sashe ya gaji da mu tsofaffin ɗalibai. Za a yi zama a ƙarshen wata mai zuwa, duk wanda bai kare babinsa na ɗaya a wannan zaman ba, za a soke sunansa. Ni kuwa a cikin tsofaffin ma ni ne babba, don akwai wanda na koyar a aji da ya zo ya wuce ni.

Ana cikin haka wurin aikinmu ya tura ni wani taro a Addis Ababa. Sai dabara ta faɗo mini. Gadarif ƙasar riɗi ce, ga ta nan a ƙetaren iyakar Habasha, kuma mahaifiyata tana da ɗan'uwa a can, Kawu Attahir. Kakansa ƙanen kakanta ne, ya fita aikin Hajji a ƙasa, ya tsaya noma a hanya don neman guzuri, aure da 'ya'ya suka riƙe shi. Ba mu taɓa haɗuwa ba sai gaisuwar salla ta waya. Na ce shi ke nan, in na gama taro sai in gangara can, in ga riɗinsu da idona, in kuma sami wurin da ba wanda ya san ni. Ba ɗalibai, ba ɗaurin aure, ba suna, ba ta'aziyya. In kulle kaina a ɗaki in gama babin nan. Matata ta ji wannan tsari ta yi dariya, ta ce mutumin da ko layin cirar kuɗi ba ya iya tsayawa shi ne zai kulle kansa.

Taron dai jikina ne kawai ya halarta. Ana gamawa na sayi tikitin mota zuwa Gondar, a nan na fara cin karo da abin da ban sani ba. Mutanen Habasha ba daga tsakar dare suke fara ƙirga awa ba, daga fitowar rana ne. Na dubi lokacin da aka rubuta a tikiti na ɗauka hantsi ake nufi, na yi wankana a tsanake na karya, na isa tasha na tarar motar ta tashi tun asuba. Mai sayar da tikitin ya nuna mini agogonsa, na nuna masa nawa, kowa yana ganin na ɗan'uwansa ne ya lalace. Haka na yi asarar yini guda, ina zagaye ɗakin masauki kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Washegari na riga direba zuwa. Hanyar duwatsu ce, hawa da gangara da kwana, na ɗora kwamfuta a cinya wai zan yi aiki. Jimla ɗaya na rubuta, wadda take farawa da "A duniya baki ɗaya", na tuna fuskar Farfesa na goge. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga ina ta buɗewa ina rufewa, ya ɓare lemo ya miƙo mini rabi, ya yi mini alama da hannu in kwantar da hankali. Ba mu da yare ɗaya, amma har muka rabu yana lura da ƙafata, in ta fara rawa sai ya taɓa gwiwata. A inda aka tsaya cin abinci aka kawo wata faffaɗar waina mai tsami da suke kira injera, na zauna ina jiran a kawo abin da za a ci da miyar, ashe abin da aka shimfiɗa miyar a kai shi ne abincin.

Daga Gondar wata motar ta sauke mu a Matamma, garin iyaka. Sanyin duwatsu ya ƙare, zafi irin namu na gida ya tarbe ni. Tsakanin Matamma da Gallabat ta ɓangaren Sudan 'yar gada ce a kan wani rafi, da ƙafa ake haye ta, ga jakuna da kura da masu dakon buhuna kowa yana neman hanya. Na ja jakata na haye ina sauri don in sami motar Gadarif da wuri. Na isa inda ake buga fasfo na tarar ma'aikatan sun kewaye wani babban faranti suna cin wake da burodi. Wannan shi ne fatur, karin kumallonsu, kuma sai rana ta ɗaga sosai ake yin sa, kowane aiki kuwa sai ya tsaya. Na miƙa fasfo, babbansu ya nuna mini gefen tabarma ya ce, "Itfaddal." Wato bismilla. Na ce na ƙoshi. Ya sake faɗa, na sake godiya, sai kawai wani ya tashi ya kamo hannuna ya zaunar da ni. Sai da na ci waken nan da man riɗi a kansa, na sha shayi, sannan aka buga mini hatimi. A lokacin na ɗauka abin dariya ne da zan zo in ba ku labari, ban san haka ƙasar take tun daga bakin ƙofa ba.

Hanyar Gallabat zuwa Gadarif shimfiɗaɗɗiya ce, dawa da riɗi hagu da dama har inda ido ya tsaya. Damina ta zo ƙarshe, ganyen riɗin ya fara ja da rawaya. Ni ɗan ƙasar riɗi ne, na san abin da wannan launi yake nufi, lokacin lauje ya yi. Na gani na wuce, don hankalina yana kan kalanda.

Kawu Attahir da kansa ya zo tasha. Dogo ne siriri, da farar jallabiya da rawani, ya dafa kafaɗata na dafa tasa kamar yadda suke gaisuwa, sannan ya rungume ni yana hawaye. Hausarsa ta ba ni mamaki, kalmar Kano a nan, ta Sakkwato a can, Larabci yana cike tsakani.

"Marhaba da ɗana Duktur. Tun kakanmu ba wanda ya zo daga balad, ƙasar Hausa, sai kai. Yaya hanya? Tamam?"

Na ce, "Kawu, ban zama dakta ba tukuna. Abin da ya kawo ni ke nan. Rubutu ne da ni mai yawa, kuma lokaci ya ƙure. Tebur nake so da wuta kawai."

"Halas," in ji shi. "Tebur akwai, kahraba akwai. Ba za ka motsa ba sai ka gama."

Na ji daɗin wannan magana har cikin raina.

Gidansa yana wata unguwa da Hausawa suka yi yawa, ɗakunan siminti a gaba, zagayayyun bukkoki na ciyawa a ciki, mai jaki yana kawo ruwa a tanki kowace safiya don ruwa yana wahala a garin. Aka sauke ni a ɗakin baƙi da suke kira diwan, gadaje na igiya a jere a jikin bango, ga tebur sabo da alama don ni aka sayo shi. Na yi wanka, na buɗe kwamfuta, na ce bismilla. Kawu ya jawo gado ɗaya kusa da teburin ya zauna.

Na ɗauka zai ɗan taɓa hira ya tashi. Bai tashi ba.

A nan ne al'adarmu da tasu suka raba hanya. Mu a gida girmama baƙo shi ne a kai masa abinci, a ce a ci lafiya, a ja masa ƙofa, don kada ya ji kunyar buɗe ciki. A Gadarif barin baƙo shi kaɗai abin kunya ne babba, ko da na ɗan lokaci ne. Mai gida zai zauna da kai, ya ci da kai a faranti ɗaya, yana tura maka nama gabanka yana cewa ba ka ci komai ba. Da asuba in mun dawo masallaci sai ga shayi da madara da 'yan ƙosan fulawa, Kawu yana zaune. Kafin in haɗa jimla biyu fatur ya yi, maƙwabta sun shigo ganin ɗan'uwan da ya zo daga Nijeriya. Wannan zai tambaye ni ko na san wani gida a Katsina da kakarsa ta fito, wancan zai ce in faɗa masa ko har yanzu ana rini a Kano. Bayan azahar sai gayyata, yau gidan wannan ɗan'uwa, gobe gidan wancan, kowa ya yanka abin da ya sawwaƙa, kuma ba a zuwa ba tare da Kawu ba. Ga kisra, wata siririyar waina kamar takarda, ga asida da ba ta da maraba da tuwonmu, ga miyar kuɓewa busasshiya. Kafin a dawo la'asar ta yi, sai gahawa mai citta a 'yar tukunyar ƙasa, ita kuma ba a shan ta da gaggawa. In dare ya yi cikina ya yi nauyi, idona ba ya ganin allon kwamfuta. Kawu ma a diwan ɗin yake kwana, don 'ya'yansa maza duk suna aiki a wasu garuruwa, ba wanda zai taya ni kwana.

Ba zan ɓoye muku ba, mutanen nan sun shiga raina, kuma a lokaci guda ji nake kamar in fasa ihu. Kwanaki suna ta tafiya. Farfesa ta aiko saƙo mai kalma uku: "Ina babin yake?" Nakan shiga banɗaki in daɗe don kawai in yi tunani, in fito in tarar Kawu yana tsaye da buta yana tambaya ko cikina ne. In na yi shiru ina kallon allo sai ya ɗauka kewar gida ce ta kama ni, ya aika a kira wani ya zo ya ba ni labarin dariya. Sau da yawa maganar takan zo har bakina, in ce Kawu don Allah a ba ni wuri, sai in dubi furfurarsa da teburin da ya saya, in haɗiye. Yaya za a yi in kori kawuna daga ɗakinsa?

Shi ma na lura ba a natse yake ba. Wayarsa ba ta hutawa, in ta yi ƙara ya duba, ya fita bakin ƙofa ya yi magana da Larabci ƙasa-ƙasa, ya dawo yana murmushi. Yakan tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon sama. Carbinsa yana gudu a hannunsa kamar yadda ƙafata take rawa a ƙarƙashin tebur. Na tambaye shi labarin gonarsa da ke Gadambaliya, ya ce, "Alhamdulillah, kwayyis, lafiya lau. Haruna wakilina yana can." Na ce ina so in je in gani. Ya ce, "Za mu je, inshallah. Can ba kahraba, ba tebur, sai sauro. Gama kitabarka, rubutun nan naka, tukun." Kowace safiya kuma sai ya leƙo allon ya ce, "Saura kaɗan, ko?" Ni kuma don kada ya ji ba daɗi sai in ce, "Saura kaɗan, Kawu."

Ranar da abin ya fashe muna tsakiyar fatur. Na riga na yanke shawara a raina cewa in an gama zan lallaɓa in nemi ɗakin haya a kasuwa, ko me za a ce a ce. Sai muka ji tarakta ta tsaya a ƙofar gida. Wani kakkauran mutum ya yi sallama ya shigo, baƙar laka har gwiwarsa. Haruna ne. Aka ce itfaddal, bai ko dubi farantin ba. Ya durƙusa gaban Kawu, ya kwance bakin rawaninsa, ya zazzage abin da ke ciki a kan tabarma. Riɗi ne fari, gauraye da baƙar ƙasa.

Ban ji Larabcin da ya biyo baya ba, amma ban buƙaci tafinta ba. Riɗin da aka yanka aka kaɗe a kan shimfiɗa ba ya zuwa da ƙasa. Wannan daga ƙasa aka tsince shi. Riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, kwansonsa yake buɗe baki ya zubar da abin da ke ciki, kuma abin da ya zube ya tafi ke nan.

Kawu ya sa tafin hannu ya rufe riɗin, ya ce wa Haruna da Hausa, "Muna da baƙo. Aib ne."

Na ce, "Kawu, ba a fara yanka ba?"

Ya ce, "Ci abincinka, ɗana."

Daga bayan labulen ƙofar cikin gida sai muryar matarsa, Inna Batulu, wadda tun zuwana gaisuwa kawai ke haɗa mu. "Ɗana, tunda shi ba zai faɗa ba ni zan faɗa. Masu yanka suna zaune a gona tun tuni, ba za su sa lauje ba sai ya je. Shi kuma ya ce ba zai bar ka kai ɗaya ba, ba zai kuma kai ka daji ba ka gama abin da ya kawo ka ba. Kullum sai ya ce mini saura kaɗan."

Na ce, "Kawu, wallahi tun da na zo ko shafi ɗaya ban rubuta ba. Ni ba na iya rubutu in da mutum a kusa da ni. Neman inda zan zauna ni kaɗai ne ya fito da ni daga gida."

Ya dube ni kamar na yi wani yare. "Kai ɗaya? A ɗaki? Ba wanda ya yi maka laifi?"

"Ba wanda ya yi mini laifi. Haka aikin yake."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kunyarka na ji. Kai me ya hana ka faɗa?"

Haruna ya yi wata gajeriyar dariya da ba ta da daɗi, ya tashi ya fita ya tayar da tarakta.

Ko hannu ban tsaya wankewa da kyau ba na cusa kwamfuta a jaka. Muka hau bayan wata tsohuwar a-kori-kura, Haruna yana gaba da tarakta don ya ja mu in mun kafe. Mun kuwa kafe, ba sau ɗaya ba. Ƙasar can baƙa ce, in ta jiƙe ta riƙe taya kamar danƙo, in ta bushe ta tsage har ƙafa tana faɗawa.

Gonar ta fi ƙarfin abin da muke kira gona a gida, ba ka ganin ƙarshenta. A gefe akwai 'yan bukkoki da rumfa, nan ma'aikata suke zama. Masu yankan suna kwance a inuwa, laujensu a rataye, wasunsu ma sun gaji da jira sun koma gonakin maƙwabta. Babbansu ya taso, shi da Kawu suka tsuguna a bakin gona, wannan ya faɗi nasa, wancan ya faɗi nasa, aka ɗan ja, suka sa hannu cikin hannu aka shafa Fatiha. Ko shayin da aka ɗora bai tafasa ba an gama. Kafin in juya mutane sun bazu cikin riɗi, suna yanka suna ɗaurewa suna jingine dammunan a tsaye.

Na bi bayan Kawu cikin gonar. Ta gefen gabas, inda aka fara shuka, in ka taɓa kara sai ka ji shi fayau. Ya tsuguna ya dubi cikin tsagar ƙasa, farin riɗi ya cika ta kamar an zuba da gangan. Ya daɗe a tsugune, sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Rabon tsuntsaye ne. Alhamdulillah." Na rasa inda zan sa idona.

Da yamma na sami Haruna yana gyaran tarakta na tambaye shi abin da ke cina. Shi da yake riƙe da makullin rumbu, da man tarakta, da abincin ma'aikata, me ya hana shi yin cinikin yanka?

Ya ce, "Ya Ustaz, jingar yanka bakin mai gona ce. An sha yi a nan, wakili ya yanke, in an gama aiki mai gona ya ce shi bai ce haka ba. To yanzu ba sa yarda sai sun riƙe hannunsa."

"Ta waya fa?"

"Sun ce a waya ba a riƙe hannu. Shi ma Hajji kawunka bai taɓa ce mini in yanke ba. Babansa bai bar wa kowa ba, shi ma haka."

Na tambayi maƙwabtan gonar da suka zo jaje, duk haka suke yi. Sai na tuna alhazan riɗin garinmu, waɗanda in ɗayansu ya tafi Umara sai sito ya zauna a kulle, ga 'ya'ya masu digiri, ga yaran shago amintattu, amma ba mai ikon cewa a sayar. Shekara da shekaru ina zagaye wannan abu a rubuce ina kiran sa da manyan sunaye, ban taɓa ganin sa a zube a ƙasa ba sai ranar.

Abin da na ƙetare ƙasashe ina nema kuwa, a rumfar nan na same shi. Lokacin yanka ba mai lokacin kowa. Tun asuba kowa ya shige gona, Kawu yana can yana zagaye, ni kaɗai a kan buhu, akwatin kayan gyara ne teburina, farantin solar Haruna yana ba kwamfuta wuta. Sauro ya ci rabonsa, abinci kuwa asida ce da miyar busasshen kifi safe da yamma. Na goge "A duniya baki ɗaya". Na fara da manomi ɗaya a Gadambaliya, da gonar da ta nuna, da ma'aikata a zaune, da wakilin da aka ba makulli ba a ba shi baki ba. Daga nan matsalar ta tsaya da ƙafarta: dukiyar da ba ta motsi sai mai ita yana tsaye a kanta. Manufa ta biyo, tambayoyin suka fito da kansu, har iyakar binciken da ta daɗe tana ba ni wahala ta zauna. Rubutu nake kamar ana korata, ƙafata kuma ta daina rawa ban ma lura ba.

Da na gama ban aika ba sai da na sami Kawu a bakin rumfa bayan la'asar. Na ce na sa labarin gonarsa a farkon aikin, ban ambaci suna ba, amma ina so ya ji kafin kowa. Na fassara masa sakin layin da Hausa. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

Ya ce, "Kwayyis. Gaskiya ka rubuta, har abin da ya shafe ni. Amma wuri ɗaya za ka cire."

"Wanne, Kawu?"

"Inda ka ce baƙo ne ya riƙe mai gona a gari."

Na ce ai nan ne gaskiyar take, kuma in an cire za a ɗauka sakaci ya yi.

"A ɗauka. In ka bar shi, duk wanda ya karanta zai ce Attahir ya yi wa ɗan 'yar'uwarsa gorin riɗi. Ka ce wani uzuri ne ya riƙe shi. Ka yi mini alkawari, a jami'arku ba za a ji wannan daga bakinka ba."

Na yi masa alkawari. Na gyara jimlar a gabansa, na hau kan tirelar tarakta inda waya take kamawa, na aika wa Farfesa. Ku ma da nake ba ku labarin nan, sunan da na kira shi da shi ba nasa ba ne.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Kawu ya so ya raka ni har Gallabat, na ce in ya taka ƙafarsa daga gonar nan kafin a gama kaɗe riɗi, ni ma ba inda za ni. Ya yi dariya, karon farko tun ranar tarakta, ya haɗa ni da direban da ya sani. Inna Batulu ta cika mini jaka da garin kuɓewa da turaren wuta na kai wa mahaifiyata. Amsar Farfesa ta same ni a kan gadar iyaka: in zo da shirin karewa.

Ranar zaman, malamai sun cika ɗakin, ni ina tsaye da babbar riga ina gumi. Na karanta sakin layin farko. Wani dattijon Farfesa da aka gayyato daga wani sashe ya ɗaga hannu, ya ce ya daɗe bai ga matsalar bincike da ta fito fili haka ba. Sannan ya juya ga sauran ya ce, "Kun ga irin sakacin mutanenmu da muke faɗa. Mutum ya bar dukiyarsa tana zuba a daji, wai uzuri. Ina tabbatar muku yana can cikin gari ya miƙe ƙafa yana shan shayi."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni na san shayin, na san wanda ake zuba wa, har da wanda yake cewa saura kaɗan. Na buɗe baki, Farfesata ta ɗago tana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Aka sa hannu a takardar, aka ce in wuce babi na biyu.